Ƙarin Ɗaki Da Jan Waya: Dokar Da Ba Ta Jin Hausa

Sanin kowa ne cewa gidan Bahaushe ba a gama gininsa. Bana ɗaki biyu ne da zaure, baɗi yaro ya isa aure a yanka masa wuri a yi masa ciki da falo, bayan shekara biyu maigida ya ƙara aure a tayar da wani ɗakin, can kuma a fasa katanga ta bakin hanya a fitar da shago. Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega bayan an kawar da amfanin gona, ya ratsa Dogon Daji da Tambuwal, ko ya saki babbar hanya ya nufi Kebbe da Kuchi, zai ga bulo da yashi jibge a ƙofar gidaje, alamar cewa kaka ta yi kyau kuma biki ya matso. A 'yan shekarun nan ma an sami wani dalilin na ƙarin ɗaki wanda ba na farin ciki ba, domin matsalar tsaro ta koro iyalai daga ƙauyuka zuwa gidajen 'yan'uwansu a manyan garuruwa, gidan da aka gina don mutum goma ya koma ɗauke da ashirin.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake kai wutar lantarki cikin waɗannan sababbin ɗakuna. Maigida zai zauna da magini su ƙirga bulo, ya zauna da kafinta su ƙirga kwano da katako, ya yi ciniki a kan ƙofa da taga har rana ta faɗi. Sai an gama shafe da fenti, saura kwana uku a kawo amarya, sannan wani ya tuna da wuta. Nan take sai a aika a kira yaron da ke gyaran fanka a bakin kasuwa, a ce masa ya jawo daga ɗakin uwargida. Shi kuma ya buɗe soket mafi kusa, ya murɗa sabuwar waya a jikin tsohuwa, ya naɗe da baƙin tef, wani lokaci ma da leda, ya ratsa da ita ta ƙarƙashin kwano ya sauke a sabon ɗaki. Kwai ya kama, fanka ta juya, yara suka yi shewa, an sallame shi.

To, ko mai karatu ya san cewa akwai doka a kan wannan aiki? Akwai ta, ba kuma ɗaya ba. A shekarar 2015 Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, wato NERC, ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da na harhaɗa kayanta, waɗanda suka haɗa har da wayarin na cikin gidaje. A wannan shekarar ce kuma aka yi dokar da ta kafa hukumar NEMSA, wadda aka ɗora wa nauyin duba aikin wuta, da gwada shi, da ba masu sana'ar takardar shaidar ƙwarewa. Dokar Wutar Lantarki ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta bar wa hukumar wannan aiki. Kafin su duka akwai Kundin Ƙa'idojin Gine-gine na Ƙasa na 2006. Tushen yawancin abin da ake koyarwa a makarantun fasaha na ƙasar nan kuwa shi ne ƙa'idojin wayarin na Ingila, waɗanda aka fara bugawa tun 1882, aka yi ta gyara su har aka kai bugu na 18 a 2018. Mutanen da suka rubuta su sun yi haka ne bayan sun ga gidaje sun ƙone, sun bi diddigi sun gano ta inda wutar ta tashi.

Daga cikin waɗannan ƙa'idoji akwai guda da ta shafi ƙarin ɗaki kai-tsaye, kuma ita ce aka fi takawa a wurinmu. Ma'anarta a taƙaice ita ce, kada a ƙara komai a kan tsohon wayarin sai an fara tabbatar da cewa tsohon zai iya ɗaukar sabon nauyi, tun daga wayar da ta sauko daga falwaya, da mita, da akwatin rabon wuta, har zuwa wayar ƙasa. Wato aikin sabon ɗaki a tsohon ɗaki yake farawa. Magini ya san wannan a sana'arsa, ba ya ɗora bene a kan harsashin da aka yi don ɗakin soro. Mai wayarin ne kaɗai muke bari ya ɗora gida na biyu a kan wayar da aka sa shekaru ashirin da suka wuce don kwai uku da rediyo.

Bari mu ɗan yi lissafi, domin a nan gizo yake saƙa. Ƙarfin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne. Kowane wat 1,000 da na'ura ke ci yana jan kimanin amfiya 4 da ɗoriya ta cikin waya. Mu leƙa ɗakin amarya ta yau: dutsen guga mai wat 1,000, butar dafa ruwa mai 2,000, hita ta dumama ruwan wanka mai 1,500. Ban ma ƙirga firji da talabijin da fanka ba. Idan waɗannan uku suka haɗu a kunne da safiyar hunturu, sun tashi wat 4,500, wato kusan amfiya 20. Siririyar wayar nan mai lamba 1.5, wadda aka fi saya saboda araha, abin da littafi ya yarje mata idan tana cikin bututu a bango bai wuce amfiya 17 da rabi ba, kuma an yi ta ne don fitilu. Soket yana buƙatar 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da tukunyar dumama ruwa sukan buƙaci 4 a kan layinsu na daban, murhun girki na lantarki 6. Zafin da waya ke yi kuwa ba a hankali yake hawa ba: idan wutar da ke bi ta cikinta ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa.

Wani hanzari ba gudu ba, waɗancan alƙaluma an ƙayyade su ne bisa zaton cewa zafin wurin da wayar take bai wuce digiri 30 ba. Mutumin Tambuwal ya san abin da watan Afrilu yake nufi. A inuwa ma zafi yakan haura 40, balle tsakanin kwano da silin da tsakar rana. Ƙa'idar da kanta ta yi tanadin wannan, ta ce idan zafi ya kai digiri 50, wayar roba ta yau da kullum tana iya ɗaukar kashi 71 ne kacal cikin ɗari na abin da aka rubuta mata, idan ya kai 60 kuwa rabi. Ke nan wayar da aka ce 17 da rabi ta dawo kimanin 12 a cikin rufinmu. Ɗora mata 20, robar jikinta za ta yi ta dahuwa tana bushewa tana tsagewa, ba a rana ɗaya ba, a hankali cikin watanni, har ranar da jan ƙarfe zai taɓa ɗan'uwansa a kusa da busasshen katako da silin na kwali. Wannan fa idan wayar ta gaskiya ce. Hukumar SON ta daɗe tana kama wayoyin jabu, waɗanda kaurinsu bai kai lambar da aka buga a jikinsu ba, ko kuma alminiyon ne aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. Alminiyon kuwa bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba. Akwai kamfanonin waya na cikin gida a Kaduna da Nnewi da Legas masu tambarin ingancin hukumar, amma kayansu sun fi tsada, mai saye kuma farashi yake tambaya.

Abin da ya kamata ya tsaya tsakanin wayar da ta yi zafi da gobara shi ne fis ko bireka. Mutane da yawa sun ɗauka don kare firji da talabijin aka yi shi. Don kare waya aka yi shi, shi ya sa tilas ƙarfinsa ya kasance ƙasa da abin da wayar za ta iya ɗauka: amfiya 6 ko 10 ga layin fitilu, 20 ga layin soket mai waya 2.5. Idan bireka yana yawan faɗuwa bayan an ƙara ɗaki, faɗa yake yi cewa kaya sun yi yawa. Mu kuma sai mu kira a canza shi da babba, ko a cire fis a cusa kakkaurar waya a gurbinsa, don kada ya dame mu. Na taɓa ganin akwatin wuta a wani gida da ke ɗauke da iyali huɗu, an maye gurbin fis da guntun ƙarfen keke, maigidan kuma yana yabon wanda ya yi masa aikin cewa tun daga ranar wuta ba ta sake yankewa ba.

Bireka kuma ba ya ceton ran mutum. Shi sai wuta ta haura amfiya 10 ko 20 yake motsi, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba ya isa ya rikita bugun zuciya. Don haka ne ƙa'idojin zamani suka wajabta wata na'ura ta daban mai lura da yoyon wuta, wadda ke yankewa cikin ƙiftawar ido da zarar miliamfiya 30 ta bi hanyar da ba tata ba, ko ta jikin firji ce ko ta jikin yaro mai jiƙaƙƙen hannu. Abokiyar aikinta ita ce waya ta uku, wayar ƙasa, wadda ake ɗaurawa a sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. A mafi yawan ƙarin ɗakin da nake magana a kai waya biyu kawai ake ja, ramin soket na uku ado ne. Inda aka kafa sandar ma, ƙasarmu mai yashi ce, da rani takan bushe ƙayau, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta sosai, saboda haka sai an auna da na'ura kafin a ce sandar tana aiki. Gishirin da ake zubawa a ramin yana taimakawa na ɗan lokaci, daga baya shi ne ke cinye sandar.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta da fasalin gidajenmu. Wanda ya rubuta littafin a Ingila gini ɗaya yake hange, rufi ɗaya. Namu ɗakuna ne a warwatse, tsakar gida a tsakani. Wayar da aka yi don zama cikin bango sai a rataye ta a sarari daga wannan rufi zuwa wancan, rana ta dafa ta, iskar farkon damina ta yi ta goga ta da bakin kwano har ta yanke robar, kwanon ɗaki gaba ɗaya ya ɗauki wuta. A ƙarƙashinta kuma ga igiyar shanya ta ƙarfe, ga rijiya, ga mata da yara ba takalmi. Hanyar da aka yarda da ita biyu ce: ko a binne waya mai sulke a zurfin kimanin rabin mita ko fiye, ko a ɗaga ta sama inda hannu da kaya ba su kai ba, a ɗaure ta jikin wata igiyar ƙarfe mai ɗauke mata nauyi. Idan tazarar ta yi nisa kuma sai an ƙara kauri, don wuta tana raguwa a hanya.

Na san abin da wani zai ce: Malam, wutar ma ina take da har za a yi mata doka? Tambaya ce mai kyau, amma amsarta ba ta goyon bayan mai yin ta. Wutar da ke zuwa tana tafiya ta fi zaunanniya haɗari. An ɗauke da rana, uwargida ta bar dutsen guga ko hita a jone ta manta, aka dawo da ita ƙarfe biyun dare kowa yana barci. Idan ta zo da rauni, injin firji yana gurnani yana zafi, na'urar daidaita wuta tana ƙara jan kaya daga layin da dama ya gaji. Rashin wutar ne kuma ya kawo janareta da sola cikin gidaje, kowannensu da nasa sharaɗi. Janareta da aka jona ba tare da makunnin sauya layi ba yana mayar da wuta kan falwaya, ya kashe ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layin a mace yake. Batirin sola mai bolt 12, idan aka nemi wat 1,000 daga gare shi, sama da amfiya 80 ke bi ta wayarsa, ninki huɗu na duk kayan ɗakin amaryar da muka lissafa, ga shi ana ajiye shi a ƙarƙashin gado da 'yar siririyar waya. Kafin motar kwana-kwana ta isa Margai ko Sanyinna kuwa, sai dai a tarar da toka.

Ni ɗalibin harshe ne, kuma ta wannan ƙofa na shigo maganar. Duk abin da na zayyana a sama yana rubuce, amma da Turanci, Turancin ma na injiniyoyi da lauyoyi. Wanda ke yin aikin a Tambuwal da Kebbe, a mafi yawan lokuta, a hannun ubangida ya koya, da Hausa ya koya, da ido da hannu. Ba jahili ba ne, sau da yawa ya fi mai takarda saurin gano inda layi ya yanke. Abin da bai samu ba shi ne dalilin abubuwa: me ya sa 2.5 ba 1.5 ba, me ya sa makunni zai zauna a kan waya mai rai ba a kan abokiyarta ba. Wanda ya san yadda ake yi bai san dalili ba, da maigida ya matsa masa a kan kuɗi zai sauka, domin ba shi da hujjar da zai kare kansa da ita. Hausawa sun ce in kunne ya ji jiki ya tsira, to amma sai an yi wa kunnen magana da harshen da yake ji.

Dubi kalmomin da muke aiki da su. Kalmar waya, wadda muka aro daga Turanci, ita ce ta shinge, ita ce ta tarho, ita ce ta fitila, ita ce ta murhu. Maigida ya je shago ya ce a ba shi waya, a tambaye shi babba ko ƙarama, ya ce ta nawa ce ƙaramar. Kalmar wuta kuma ita ce ta murhu, ita ce ta falwaya, amma ba mu da rabe-raben da kowa ya sani tsakanin ƙarfin turawarta da yawan gudanarta, alhali duk lissafin aminci a kan wannan bambanci ya ginu. Hatta launi yana da tarko. Tsohon tsari, wanda har yanzu shi ya fi yawa a kasuwanninmu, ja ce mai rai, baƙa ce mai mayarwa. Tun 2004 Ingila ta koma tsarin Turai, inda mai ruwan ƙasa ce mai rai, shuɗiya ce mai mayarwa, kuma kayan da ake shigowa da su da wannan launi suke zuwa. A layi mai fuska uku abin ya fi muni, domin shuɗiyar da take mai rai a tsohon tsari ta zama mai mayarwa a sabo, baƙar da take mai mayarwa ta zama mai rai. Ƙarin ɗaki shi ne daidai inda tsoho da sabo ke haɗuwa cikin akwati guda. A harshen da marina ke kiran shuɗi mai duhu baƙi, wannan ba abin da za a bari ga zato ba ne.

Aikin fassara irin wannan ba baƙo ba ne a gare mu. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta Zariya ta buga ƙananan littattafai na kiwon lafiya da noma da sana'o'i da Hausa, mutane suka saya suka karanta. A 1990 an fitar da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, don koyar da harshe da adabi. Idan mun iya samar wa ilimin furuci da nahawu kalmomi, ban ga abin da zai hana mu samar wa abin da ke ƙona gidaje ba. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai Cibiyar Nazarin Hausa, akwai kuma Cibiyar Binciken Makamashi, duk a gari ɗaya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da makarantun fasaha na Farfaru da Runjin Sambo. Abin da ake buƙata ɗan littafi ne da bai wuce shafi arba'in ba, da zane-zane, da boko da ajami, wanda NEMSA za ta duba ta amince da shi. Sai dai ina jan kunnen abokan aikina: kada mu zauna a ofis mu ƙirƙiro kalmomi masu tsawon kamu uku da ba wanda zai furta. A je rumfar masu wayarin a ji me suke cewa. In sun ce bireka, a rubuta bireka, a yi bayaninsa. Ƙirƙira sai inda babu kalma sam.

Ba na goyon bayan masu cewa a kafa kwamitin kame a bi gida-gida. Mun san ƙarshen irin wannan, sabuwar hanyar karɓar na goro ce za a buɗe, wayar kuma ta ci gaba da zama yadda take. Ba adalci ba ne a kama mutum da laifin rashin lasisi alhali jarrabawar lasisin da harshen da bai iya ba ake yin ta, a garin da sai ya bar aikinsa ya biya kuɗin mota kafin ya je. A kawo horon mako biyu hedikwatar ƙaramar hukuma, a yi shi da Hausa, a gwada mutum da abin da hannunsa ya yi a kan allo, wanda ya ci a ba shi shaida, a kafe sunayensu a sakatariya da fadar hakimi don mai neman aiki ya san wa zai kira. Gyaran tsarin mulki na 2023 da dokar da ta biyo bayansa sun ba jihohi damar yin dokokinsu a harkar wuta, saboda haka 'yan majalisar jiha masu wakiltar Tambuwal da Kebbe ba su da uzurin cewa magana ce ta Abuja. Gidan Rediyon Rima kuma zai iya ware minti goma sha biyar a mako, musamman daga kaka zuwa hunturu lokacin da gini da biki suka fi yawa.

Kafin hukuma ta motsa, maigida yana da nasa. Kuɗin wayarin na gari a ɗaki guda bai kama ƙafar kuɗin lefe ba, bai kai na gado da kujerun da iyayen amarya suka ci bashi suka saya ba, kuma su ne farkon abin da wuta za ta lashe. A kira mai wayarin tun ana aza harsashi, don a binne bututu kafin shafe. A kai shi wurin mita da akwatin rabo ya fara dubawa, a ja wa sabon ɗaki layinsa daga can da birekansa, fitilu daban soket daban, waya uku ba biyu ba, kowane haɗi a cikin akwati mai murfi inda za a iya buɗewa a gani. In ya gama, a ce ya gwada da na'ura a gaban maigida, ya danna maɓallin gwaji na na'urar yoyon wuta a ga ta yanke, sannan ya rubuta a takarda, ko da Hausa ko da ajami, lambar wayar da ya sa da ƙarfin birekan da ranar da ya yi aikin, a liƙa a cikin murfin akwatin, domin wanda za a kira ranar da za a ƙara ɗaki na gaba.